Tsofaffin Na'urorin Awo A Kwarin Rima: Yadda A Ke Sabunta Ma'ajiyarsu

Kowa ya san ƙasar gabashin Sakkwato ya san arzikinta a bakin gulbi ya ke. Gulbin Rima ya gangaro ta wajen Sabon Birni, ya haɗiye ruwan Bunsuru da na Gagare da na Gulbin Maraɗi, ya bi ta Goronyo, ya wuce ta Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa ya fito ta ƙasar Zamfara, ya ratsa madatsar Bakolori wadda aka gama cikin 1978, ya biyo ta Raba, garin da aka haifi Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, sa'an nan su biyu suka gamu kusa da birnin Sakkwato. Shinkafar fadama, da albasa, da tafarnuwar da a ke lodi daga Wurno da Goronyo zuwa kasuwannin Kudu, duk ruwan nan ne ya ke ba da su.

An gama ginin madatsar Goronyo cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992. Tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, tsayinta mita 21, tana kuwa iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 ta awon cikin tafki. Daga gare ta a ke sakin ruwan da birnin Sakkwato da Birnin Kebbi su ke sha da rani. Mutanen wannan kwari sun ga fuskokinta biyu. Cikin watan Satumba na 1910 ba ta ma kasance ba, amma shekara ɗari daidai bayan haka, watau Satumba na 2010, ruwan sama ya yi yawa har ya fi ƙarfin mafitar madatsar, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki, dubban mutane suka rasa matsuguni, madatsar Lugu ta ƙasar Wurno ta lalace, gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tafi. Cikin ranin 2018 kuma sai ga akasin haka, ruwan tafkin ya janye har hukumar da ke kula da shi ta ce abin da ya saura bai wuce kashi goma cikin ɗari ba.

Ba mai ikon hana ruwan sama zuba, ba kuma mai ikon saukar da shi. Abin da ɗan Adam ya ke iyawa shi ne ya auna, ya rubuta, ya gwada awon bana da na bara da na bara waccan, don ya san ranar da ya kamata a buɗe ƙofa da ranar da za a rufe, da lokacin da za a aika wa mutanen ƙauyukan bakin gulbi su kwashe kayansu. Tun cikin shekarun 1960, sa'ad da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, a ke wannan awo. A zamanin nan sanda ce mai lambobi a ke kafawa a bakin ruwa, malami ya zo safe da yamma ya duba ya rubuta a littafi. Akwai kuma wani keke mai ganga da takarda, agogo na juya gangar, alƙalami na zana hawan ruwa da saukarsa. Daga baya na'urorin lantarki suka zo suka karɓi aikin. A kan waɗannan ne mu ke so mu yi wa masu karatu bayani, musamman waɗanda suka tsufa, don tsufansu yana da wata illa wadda ido ba ya gani.

INDA NA'URA TA KE AJIYE ABIN DA TA SANI

A madatsun ruwa da wuraren noman rani akan sami na'urori iri iri. Akwai mai rubuta zurfin ruwa, da mai auna ruwan sama, da mai karanta bututun da aka binne cikin jikin madatsa don a san ko ruwa na tsatsowa ta ciki, da madubin safiyo wanda a ke daidaita gangaren magudanai da shi. Bayan waɗannan akwai na'urorin da makanikai su ke gwada sauran da su, kamar mita mai auna ƙarfin wuta, da wata mai allo wadda ta ke zana tafiyar lantarki kamar igiyar ruwa.

Ko wace ɗaya daga cikinsu tana da ma'ajiya, abin da yaran zamani su ke kira memori. Abu uku a ke ajiyewa a ciki. Na farko umarnin da ke tafiyar da na'urar tun daga kunnawa. Na biyu awon da ta tara. Na uku kuwa, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba, shi ne lambobin daidaito. Ba a taɓa ƙera na'ura biyu suka zama daidai wa daida ba. Sabo da haka kafin ta bar masana'anta akan gwada ta da ma'auni na gaskiya, a ga ƙarin da ta ke yi ko ragi, a rubuta lambobin gyara a cikinta. Ran da lambobin nan suka ɓace, na'urar na iya kamawa, allonta ya haska, ta ba da lissafi, amma ta zama mudun da aka buge wa gindi. Mai awo na awo, mai saye na biya, ba wanda ya san hatsi na ƙwauro.

Cikin 1971 wani masani na kamfanin Intel a Amurka, Dov Frohman, ya fito da ƙwayar ajiya mai 'yar taga ta gilashi a bayanta. Ba a iya goge abin da ke ciki sai an haska mata wata irin fitila mai ƙarfi ta tagar, don haka a ke liƙe tagar da takarda. In mai gyara ya buɗe tsohuwar na'ura ya ga takardar nan ta bushe ta ɓare, lalle ya mai da wata, gama hasken rana ma, in ya daɗe yana dukan tagar, yana goge rubutun.

Wadda ta fi ba da wahala ita ce ƙwaya mai batir a ciki. Cikin shekarun 1980 da 1990 masu ƙera na'urorin awo sun yi amfani ƙwarai da ƙwayoyin kamfanin Dallas, waɗanda aka rufe ɗan ƙaramin batir a cikin baƙin jikinsu, ba a ganinsa, ba a kuma iya sake shi. Shekara goma kamfanin ya yi alkawari. Da yawa sun yi ashirin, wasu sun haura, amma ba wadda za ta dawwama, kuma ba ta yin sallama ran da za ta mutu. Shahararriyar mitar nan 3458A, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya fitar a ƙarshen shekarun 1980, a irin wannan ƙwaya ta ke riƙe lambobin daidaitonta, haka kuma na'ura mai allo ta Tektronix 2465B. Waɗannan kaya ne masu tsada da nagarta, ga shi kuwa ransu duka ya rataya ga batirin da bai kai girman kwabo ba.

MENE NE FILASH?

Wani injiniya ɗan ƙasar Jafan, Fujio Masuoka, na kamfanin Toshiba, shi ne ya ƙago ma'ajiyar filash. Ya bayyana irinta na farko cikin 1984, na biyu cikin 1987, kamfanin Intel kuma ya fara sayar da ita cikin 1988. An ce abokin aikinsa ne ya raɗa mata sunan, don yadda a ke goge ta farat ɗaya ya tuna masa da walƙiyar fitilar mai ɗaukar hoto. Ita ce a cikin wayar hannu, da katin memori, da ɗan filash ɗin da ɗalibai su ke ratayawa a wuya.

Ba ta bukatar batir. A cikinta akwai miliyoyin 'yan ɗakuna, ko wane an kewaye shi da bango siriri, akan tura lantarki a ciki a kulle. Ɗaki mai lantarki da ɗakin da ba kome, su ne baƙaƙen da ta ke rubutu da su. Amma kada mai karatu ya zaci abin da aka kulle ya zauna ke nan har abada. Ɗakin nan kamar randar ƙasa ya ke. Ko ba ta fashe ba, ruwa na tsatsowa ta jikinta kaɗan kaɗan, in kuwa ana zafi abin ya fi sauri. Bugu da ƙari, duk sa'ad da aka goge aka sake rubutu, bangon na ƙara cinyewa. Filash irin na dā, mai riƙe harafi ɗaya a ɗaki ɗaya, yana jure gogewa wajen sau 100,000. Na kasuwa na yanzu, wanda a ke cusa wa ɗaki ɗaya abu uku don a sami yawa da araha, 'yan dubbai kaɗan ya ke jurewa.

Ƙungiyar JEDEC, wadda ta ke shimfiɗa wa masu ƙera irin waɗannan kaya ƙa'ida, abin da ta nema ga ma'ajiyar filash ta kwamfutar gida wadda ta cinye adadin rubutunta shi ne ta riƙe abin da ke cikinta shekara ɗaya tak, in an ajiye ta ba wuta cikin zafin digiri 30. To, a ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Akwatin ƙarfe da aka kafa a kan madatsa, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, cikinsa ya fi haka nesa. Lissafin da Bature ya yi a ƙasarsa mai sanyi sai an rage shi kafin ya yi daidai da Goronyo.

Wurno gari ne da ya san wannan magana tun kafin lantarki. Nan ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan ya rasu cikin 1837, nan kuma hubbarensa ya ke. Littattafan da malaman zamaninsa suka wallafa sun iso gare mu ne don almajirai sun riƙa kwafe su daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa kafin gara ta gama da ta farko. Aikin mai gyaran na'ura ke nan, sai dai takardarsa ba ta kai tasu ƙarko ba.

GIRMAN MA'AJIYA

Akwai wani dalili kuma da ya sa maganar ta shafi wannan yanki fiye da wasu. Shekarun nan ɓarayin daji sun sa tafiya cikin ƙauyukan gabashin Sakkwato ta zama da hatsari. Cikin Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar ta sa aka yanke layin wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Raba da Goronyo. Na'urar da ta saba aika awonta ta waya, a irin wannan lokaci ba ta da inda za ta kai shi sai cikinta. Ma'aikacin da ya saba zuwa duk mako ya kwashe, mai yiwuwa ne ya yi wata biyu bai sami hanya ba. Yawancin na'urorin nan kuwa in cikinsu ya cika ba su tsayawa, sai su koma farko su riƙa taka tsohon awo da sabo.

Bari mu yi lissafi. A ce na'ura na rubuta zurfin ruwa duk minti 15. Sau 96 ke nan a yini da dare, sau 35,040 a shekara. A ce ko wane layi, da kwanan wata da sa'a da awon, ya ci harafi 40. Na'ura mai kilobait 128, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa cikin shekarun 1990, za ta cika cikin kwana 34. In aka bar ta daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba, labarin makonnin farko na cikar gulbi ya tafi, ba kuwa mai dawo da shi. Amma awon shekara guda cur wajen harafi miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ne kawai. Katin gigabait 2, wanda yaro zai raina a wayarsa, zai ɗauki awon fiye da shekara dubu.

Nan ne mutane su ke yin kuskure, su ce tun da za a sake, bari a sa babba. Tsohuwar na'ura ba ta san babban kati ba. Kamfanin SanDisk ya fito da katin CompactFlash cikin 1994, katin SD ya biyo baya cikin 1999, iyakarsa kuwa gigabait 2. Cikin 2006 aka fito da SDHC mai kai wa gigabait 32, cikin 2009 aka yi SDXC wanda ya fi haka. Katunan SD ɗin nan siffarsu ɗaya, duk suna shiga rami ɗaya, amma tsarin da a ke jera rubutu a cikinsu dabam dabam ne. Na'urar da aka ƙera kafin 2006 tsarin FAT16 ta sani. In aka ba ta katin zamani, ko ta ƙi shi, wanda shi ne sauƙi, ko kuwa ta karɓa ta yi kamar tana rubutu, sai ran kwashewa a tarar da shirme. Ƙananan katunan nan sun yi wuya a kasuwa yanzu, sai wajen masu sayar da kayan masana'antu, amma su ya kamata a nema, ko da sun fi tsada. A yi hattara kuma da katin jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Hanyar gane shi ita ce a cika shi taf da rubutu a kwamfuta, sa'an nan a karanta a ga ko duka ya dawo.

Waɗanda suka fi tsufa, masu cin faifan nan mai kusurwa huɗu na megabait 1.44, su ma suna da magani. Kamfanin Sony ya daina yin faifan cikin 2011, amma akwai 'yar na'ura da a ke sawa a gurbin ramin faifan, a soka mata filash, tsohuwar na'urar ta zaci faifanta ne.

YADDA A KE AIKIN

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, sai a kwafe duk abin da ke ciki, a ajiye wuri biyu, lambobin daidaito kuma a rubuta su da hannu a littafi. Wasu na'urorin suna ba da lambobin ta igiyar da ke haɗa su da kwamfuta. Wasu kuwa sai an cire ƙwayar an ɗora ta a kan na'urar karatu, nan ne hatsarin ya ke, gama zafin narka dalma yana iya ƙarasa batirin da ya riga ya yi rauni. Gwani yakan yi sauri, ya bar ƙwayar ta huce sarai kafin ya karanta, kana ya dasa mazauni a gurbin don wanda zai zo bayansa ya zare ta da hannu, ba sai da wuta ba. A madadin ƙwaya mai batir yanzu akwai wata iri, FRAM, wadda ba ta bukatar batir sam, an kuwa yi ta sa ta cikin irin waɗannan na'urori. Sai dai a duba ƙarfin wuta. Kayan dā bolt 5 su ke ci, na yanzu da yawa 3.3 ne ko ƙasa, in aka haɗa su ba tsani sabuwar ta ƙone.

Wani lokaci ba ƙwayar ce za a sake ba, umarnin cikinta ne. Misali ya faru ran 6 ga Afrilu 2019. Taurarin GPS suna ƙirga makonni ne har 1,024, sa'an nan su koma sifiri, watau kusan duk shekara ashirin. Sun fara cikin Janairu na 1980, suka juya cikin Agusta na 1999, suka sake juyawa a ranar da muka ambata. Tsofaffin na'urori da yawa waɗanda ba a sabunta umarninsu ba suka koma rubuta kwanan watan shekarun baya. Awon ruwa mai kwanan watan ƙarya kuwa ba shi da amfani ga kowa. Juyi na gaba yana zuwa cikin Nuwamba na 2038. Sa'ad da a ke zuba sabon umarni, in wuta ta ɗauke a tsakiya, an goge tsoho ba a gama rubuta sabo ba, na'urar na iya mutuwa ɗungum. Kada a yi shi da wutar gari ko ta janareta kaɗai, sai da cikakken batir a tsakani.

Bayan an gama, ba a yarda da na'ura don kawai ta kama. Mai auna ruwa a gwada ta da sandar bakin gulbi kwana da kwanaki. Mita kuwa a kai ta inda ma'auni na gaskiya ya ke. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1971, tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu. Tafiya ce mai nisa daga Wurno, shi ya sa kiyaye lambobin tun ba su ɓace ba ya fi araha nesa.

A GYARA KO A SAYI SABUWA?

Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran noman rani a Arewa, wanda ya haɗa da Bakolori da Rima ta Tsakiya a ƙasar Goronyo, da lafiyar madatsun kansu. Irin wannan shiri yakan kawo sababbin kaya, abin murna ne. Amma sabo na yau shi ne tsoho na shekara goma sha biyar masu zuwa, filash ɗin cikinsa kuwa bai fi na dā jure zafi ba. A ganinmu, duk hukumar da za ta sayi na'urar awo ya kamata ta sa cikin yarjejeniya a ba ta littafin gyara, da kwafin umarnin ciki, da hanyar fitar da lambobin daidaito. Kamfanoni ba su cika son ba da waɗannan ba, sun fi so a dawo a sayi wata. Mai kuɗi a hannu kuwa shi ke da ta cewa kafin ya biya, bayan ya biya sai roƙo.

Ba ko wace tsohuwa ta cancanci wahala ba. In hancin da ke cikin ruwa ya ci tsatsa, ko allon ya mutu ba a samun irinsa, sabunta ma'ajiya ɓarnar kuɗi ce. Amma in ciwon na batir ne ko na kati, kuɗin gyara bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin sabuwa wadda sai an sayo da dala. Hannun da zai yi aikin ma akwai shi. Samarin da ke gyaran waya a kasuwannin Sakkwato kullum suna cire ƙwayoyin da suka fi waɗannan ƙanƙanta, suna yi wa waya filashin. Abin da ya rage musu shi ne sanin darajar lambobin daidaito, gama sun saba goge waya tas su zuba sabo, wanda a na'urar awo shi ne babbar ɓarna. Wannan darasi ne da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya koyarwa cikin 'yan makonni. Malamin sanda da littafinsa kuma kada a sallame shi don an kafa na'ura, shi ne shaida ran da aka yi gardama da ita.

Saura maganar lokaci. Da hunturu iska ta bushe, jikin mutum yakan tara lantarki, shi ne ɗan tartsatsin da ke cizon yatsa in an taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da bai kai mutum ya ji shi ba ma ya isa ya kashe ƙwayar ajiya, sabo da haka mai aiki a watannin nan sai ya ɗaura igiyar da ke sauke lantarkin jikinsa zuwa ƙasa, ya kuma rufe ɗaki don ƙura. Da damina kuwa ba a taɓa na'urar da ke bakin aiki. Tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Mayu ya fi dacewa a sauke su ɗaya bayan ɗaya, a kwafe, a sake abin sakewa, a mai da su, don su sami makonnin gwaji da sanda kafin ruwan Bunsuru da Gagare ya iso Goronyo cikin Yuli da Agusta.